Jimla ta Goma Sha Biyu

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe sakataren kwamitin binciken rikicin filaye ya hau benen ofishin fassara na Rweyemamu a Arusha bai gaisa da kowa ba. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa lamarin babba ne, domin a garin nan ko wanda ya zo kama mutum yakan fara tambayar lafiyar gida. Ya ajiye takarda guda a teburin mai ofishin, ya danne ta da yatsa.

Makonni uku kafin haka wani tsohon makiyayi, Mzee Lekumok, ya ba da shaida a asirce kan yadda gonar Kisimaro ta ja shingenta ta haɗiye mashayar shanun ƙauyensu. Ya yi magana da harshen Maa, yaren makiyayan yankin, kwamiti ya aiko da ita a mayar da ita Kiswahili, bisa rantsuwar cewa ba mai ji. Ranar Lahadi masu gadin gonar suka je garkensa, suka karanta masa maganarsa a gaban maƙwabta, har da sunansa da na mahaifinsa, suka kora masa shanu, suka bar masa takardar don ya riƙa tunawa.

“Ina ba ku zuwa Juma'a da ƙarfe sha biyu,” in ji sakataren. “Ko ku miƙa wa 'yan sanda wanda ya yi, ko mu miƙa ofishin gaba ɗaya.”

Bwana Rweyemamu mutum ne da ke son hukunci ya riga bincike, saboda hakan yakan rage zirga-zirga. Ya buɗe manhajar da ake rarraba ayyuka da ita, ya duba wa ya taɓa buɗe fayil ɗin shaidar. Suna ɗaya ya gani: Naserian Laizer, wadda ita kaɗai ce ke fassara Maa a ofishin. Kafin shayin ƙarfe goma ya dakatar da ita, ya sa an buga takardar miƙa ta, ya bar gurbin sa hannu kawai. Daga nan, don kada a ce ba a bincika ba, ya kira Mama Eliaichi Mbise.

Mama Mbise ita ce mai kula da rumbunan fassara. Duk jimlar da wani ya fassara a ofishin tana faɗawa cikin rumbu tare da asalinta, ta yadda gobe wani zai neme ta ya huta da sake wahala. Shekara goma sha huɗu tana wannan aiki. Idan kuskure ya ɓulla a takardar bana, ita ke bin sa jimla bayan jimla har ta kai ga wanda ya fara shuka shi, shi ya sa ake kiranta mai bin sawu, kuma ba kowa ke faɗin sunan da ƙauna ba.

“Ki duba don cika ƙa'ida, Mama,” in ji Rweyemamu. “Amma abin a bayyane yake.”

“To, Bwana. Tunda a bayyane yake ba zai gagare ni gani ba. Ba ni kwafin takardar.”

* * *

A ɗakin shayi an riga an gama shari'a tun mandazi, fankensu na shan shayi, bai huce ba. Mzee Sospeter Magesa, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin kuma shi ke fassarar ayyukan noma da dabbobi, yana juya cokali cikin jimami irin na mai zaman makoki.

“Yarinya mai hankali,” in ji shi. “Amma ƙanen mijinta mai gadi ne a Kisimaro. Ni ban ce komai ba, na dai faɗi inda yake aiki.”

“Kai kullum ba ka cewa komai, Mzee, sai dai mu ji kunnuwanmu sun cika,” in ji Zuhura Mbwana, mai fassarar takardun lafiya. “Ni dai na san Naserian. Ko adireshin telanta ba ta bayarwa.”

“Saboda ɗinkin ba kyau ne, Dada Zuhura,” in ji Godlisten Urassa, mai duba fassarar shari'a, ya kai hannu zai ɗauki mandazi na uku. Zuhura ta buge hannun.

Mama Mbise ta sha shayinta. Ta lura dai Godlisten ya yi dariya fiye da yadda zancen ya cancanta, kuma da aka ambaci injin firinta ya tashi ya tuna yana da aiki.

* * *

Da rana ta hau daladala, ƙaramar motar haya, zuwa unguwar Sakina. Ta tarar da Naserian a bayan gida tana tsintar wake, da tufafin ofis a jikinta har yanzu.

“Shikamoo, Mama,” in ji Naserian, irin gaisuwar da ake yi wa manya.

“Marahaba, 'yata. Ajiye tiren nan, ki karanta mini wannan a hankali.”

Naserian ta karɓi takardar. Jimla goma sha biyu ce, kowacce a layinta. Ta bi su da yatsa, fuskarta na ƙara tauri.

“Fassarata ce. Wannan ma. Wannan na kwana biyu ina juya ta kafin ta zauna.” Ta kai ƙasa ta tsaya. “Wannan kuwa ba tawa ba ce.”

“Karanta.”

“An kai shanu arba'in da biyu Kisimaro ranar Talata, aka tsare su can kwana uku. Mama, tsohon bai faɗi haka ba. Ba ya ma ƙirga shanu da baki, ya ce mai ƙirga su a fili yana kira musu annoba. Na gaya wa Bwana da safe.”

“Me ya ce?”

“Ya ce wato na amsa sauran goma sha ɗayan.”

“Haka zai ce. Ina maganar ƙanen mijinki?”

“Shekara biyu ba ma gaisawa, tun rigimar gadon surukina. In zan sayar da rantsuwata, ai ba a hannun Saruni ba.” “Tsohon nan ya ƙi magana sai da aka ce masa 'yar Laizer ce za ta juya maganarsa. Yanzu a can suna cewa ni na sayar da shi. Ko an sake ni, ina zan sa ƙafata?”

“Ki bar mini zuwa Juma'a. Tambaya ɗaya: shaidar jimla nawa ce duka?”

“Ta haura ɗari uku. Shafi goma sha tara.”

Mama Mbise ta ninke takardar. A hanyar komawa ta yi ta tunanin irin ɓarawon da zai samu shafi goma sha tara a buɗe gabansa, ya ɗebi jimla goma sha ɗaya daga nan da can, sannan ya ƙara ɗaya daga aljihunsa.

* * *

Talata ta tafi a kan Godlisten. Littafin firinta ya nuna ya buga shafi sittin ranar Alhamis da ta wuce, ba tare da lambar aiki ba. Mama Mbise ta rufe ƙofar ofishinsa, ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

“Shafi sittin, Godi.”

“Mama, don Allah a hankali.”

“A hankali nake. In na ɗaga murya ai har mai gyaran takalmi na ƙasa zai ji.”

Ya buɗe aljihun tebur ya fito da damin takardu. Tsarin bikin auren ƙanwarsa ne a Marangu, da jerin kwamitin abinci, da kwamitin akuya, da sunayen waɗanda za su zauna kusa da amarya da waɗanda dole a nisanta da juna.

“Kada Bwana ya ji, Mama. Kin san yadda yake da tawada.”

“Na ga an sa sunana a tebur na tara, kusa da ƙofa.”

“Za a gyara! Tebur na biyu.”

“Na uku ya ishe ni, ba na son kusa da lasifika.”

Ta fito ba ta ƙaru da komai ba sai kujera a biki.

* * *

Ranar Laraba ta daina kallon mutane ta koma kallon takarda, wanda dama shi ne aikinta. Ta shimfiɗa jimlolin, ta ɗauki jan biro tana neman abin da ya haɗa su. Ba labari ba ne, domin ta biyar tana maganar shingen bara, ta shida ta koma haihuwar tsohon. Ba su bi tsarin shaidar ba sam. Sai da ta kai ta takwas ta ga hannunta yana ja wa kalma ɗaya layi a kowace jimla. Kisimaro. Babu jimla ko ɗaya da ba ta ɗauke da sunan gonar.

Ta ajiye biro. Wanda ya buɗe fayil yakan kwafi shafi. Wanda bai iya buɗewa ba yakan je akwatin nema, ya rubuta kalma, rumbu ya zubo masa duk jimlar da kalmar take ciki, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Fayil ɗin a kulle yake, amma jimlolinsa suna ta faɗawa cikin rumbun shari'a, wanda kowa a ofishin ke iya nema a ciki. Ta san haka domin ita ta rubuta wa Rweyemamu takarda bara ta ce a ware wa ayyukan sirri rumbunsu. Ya amsa da cewa hakan zai rage sauri. Manhajar kuma, irin mai rahusa da ya zaɓa, tana rubuta sunan wanda ya buɗe fayil amma ba ta rubuta abin da mutum ya nema.

Ta rubuta Kisimaro a akwatin nema. Sakamako goma sha uku.

Goma sha ɗaya na Naserian ne. Ta goma sha biyu ta ce: motar asibiti ba ta isa Kisimaro da damina. Ta goma sha uku ita ce ta shanu arba'in da biyu. Ta duba gefen kowacce, inda ake nuna rumbun da ta fito da shekararta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo jadawalin da ita da kanta take cikawa, na wa aka haɗa wa wane rumbu, ta karanta shi sau biyu ko da yake ta haddace shi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis ta yi aikinta na kullum, ta karɓi gaisuwar kowa, ta ce wa Rweyemamu a kira Naserian gobe, kuma kowa ya zo da kwamfutarsa ɗakin taro.

* * *

Juma'a da ƙarfe sha ɗaya suka hallara. Sufeto Shayo ta 'yan sanda ta zo da wuri, ta zauna a ƙarshen tebur da hularta a gabanta. Naserian tana kusa da ƙofa. Takardar miƙa ta tana gaban Rweyemamu, da biro a kai.

“Kafin mu fara,” in ji Mama Mbise, “akwai wanda ya taɓa ba wani lambar sirrinsa, ko ya bar kwamfutarsa a buɗe?”

Godlisten ya kalli rufi. Zuhura ta ce sau ɗaya, ranar da ɗanta ya faɗo daga mangwaro.

“Ni kam a'a,” in ji Mzee Sospeter. “Shekara ashirin da biyu. Ko bayi zan shiga sai na kulle, kuma ba a shiga sai da lambar da ke zuwa wayata. Da yaran yanzu suna haka da ba mu zauna nan ba.”

“Madalla, Mzee. Sufeto, a rubuta wannan. Yanzu kowa ya buɗe akwatin nema ya rubuta Kisimaro. Kada a danna sai na kira suna.”

“Mama, lokaci,” in ji Rweyemamu.

“Saura minti hamsin, Bwana, ni kuwa goma nake so. Takardar da aka kai wa tsohon ba daga fayil aka ciro ta ba. Nema aka yi a rumbu, aka kwashe abin da ya fito gaba ɗaya. Jimla goma sha biyu ce, ta ƙarshe maganar shanu. Za mu ga kwamfutar wa ke haifar wannan. Naserian.”

Naserian ta danna. “Goma sha ɗaya.”

“Saboda rumbun shari'a kaɗai aka haɗa miki. Godi.”

“Goma sha ɗaya, Mama, na rantse da kabarin kakana.”

“Bar kakanka ya huta. Zuhura.”

Zuhura ta danna. “Goma sha biyu,” ta ce a hankali.

Sufeto ta ɗaga kai. Mzee Sospeter ya sauke numfashi ya girgiza kai, irin na wanda duniya ta sake ba shi kunya.

“Karanta ta ƙarshe, Dada.”

“Motar asibiti ba ta isa Kisimaro da damina.”

“Daga rumbun lafiya, rahoton allurar yara. Ba ta cikin takardar. Sha ruwa. Bwana Rweyemamu.”

“Har ni?”

“Har ni ma. Tawa kwamfutar goma sha uku, ga ta a juye kowa ya gani.”

Ya danna da yatsa ɗaya. “Goma sha uku.”

“Domin ni da kai duk rumbuna ukun a haɗe suke mana, muna ganin motar asibiti, muna ganin shanu.”

“Mai goma sha uku yana iya goge ɗaya,” in ji Sufeto Shayo.

“Yana iya. Amma baƙin jimlolin biyu a jere suke a ƙasa, kowacce da shekararta a gefe. Wanda ya tsaya ya duba har ya cire motar, ba zai bar shanun shekara tara da suka wuce ba. Mai wannan aiki bai duba ba, sauri yake kada a shigo. Mzee Sospeter.”

Mzee Sospeter bai danna ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce intanet ɗin ofishin nan dama ba ta da tabbas.

“Ta yi wa mutum biyar aiki yanzu, Mzee,” in ji Zuhura. “Ko kai ma na danna maka?”

Sufeto ta taso ta tsaya a bayansa. Ya danna. Ita ta karanta, ba shi ba: goma sha biyu. Ta ɗora takardar kusa da fuskar kwamfutar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsari ɗaya, daga ta farko har zuwa shanu arba'in da biyu.

“Rumbun shari'a da na noma, ba na lafiya,” in ji Mama Mbise. “Mutum ɗaya ne a ofishin nan ke da wannan haɗin, kuma ya shaida mana ba wanda ke taɓa kwamfutarsa. Jimlar daga rahoton rigakafin ciwon huhun shanu take. An kai su Kisimaro ne don allura. Kai ka fassara ta, Mzee, ga sunanka a gefe. Da ka karanta abin da kake kwafa da ka gane aikinka.”

Mzee Sospeter ya janye hannunsa daga kwamfutar.

“Manajan gonar dattijon cocinmu ne,” in ji Sospeter daga bisani, ba ya kallon kowa. “Ya ce so yake ya san abin da ake faɗa a kansa kawai. Ya ce akwai fili eka biyu a gefen rafi, in na ajiye aiki. Ban buɗe fayil ɗin kowa ba. Nema kawai na yi. Ban san za su taɓa shanun tsohon ba.”

“Amma ka san inda ƙanen mijina yake aiki,” in ji Naserian.



Rweyemamu ya yi gyaran murya, ya ce dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da zargin ba. Mama Mbise ta ciro kwafin takardarta ta bara, mai ɗauke da amsarsa da sa hannunsa, ta miƙa wa Sufeto, ta ce ƙila kwamiti zai so sanin yadda jimlolin sirri suka shiga rumbun kowa da kowa. Daga nan zuciyar Bwana ta daina bayani.

“Ina bukatar takardar miƙawa,” in ji Sufeto. “Wannan sunan wata ne.”

“Mama Mbise za ta gyara yanzu,” in ji Rweyemamu.

“A'a,” in ji Naserian. “Ni zan gyara. Kuma gobe motar ofis za ta kai ni ƙauye, da kai a ciki, Bwana. Za ka tsaya gaban Mzee Lekumok da maƙwabtansa ka faɗi wanda ya yi, ni in juya maka zuwa Maa. Ba zan rage ko kalma ba.”

Rweyemamu ya kalli Sufeto, ya kalli Mama Mbise, bai samu mafaka a ko'ina ba. Ya ce gobe da ƙarfe bakwai.

Naserian ta jawo kwamfutarsa gabanta ba ta nemi izini ba. Ta buɗe takardar, ta rubuta sunanta a akwatin nema. Ya fito wuri huɗu. Ta sauya su ɗaya bayan ɗaya, tana duba kowane harafi na Sospeter Magesa kamar yadda take duba aikin kotu. Da ta gama ta sake rubuta Naserian Laizer, ta danna, ta juya kwamfutar yadda kowa zai gani.

Ba a sami komai ba.